Gwangwanin Baƙin Mai a Motar Baba

Wani dattijo, tsohon direba, ya shigar da ƙara cewa makanike ya kashe masa injin mota da gangan. Sufeto da kofur ɗinsa suka tarar da motar a gareji, bonet a buɗe.

"Ni na kashe ta?" makanike ya ce a fusace. "Ni fa na sa mata gwangwanin nan! Injin irin wannan kai tsaye yake fesa fetur, ba abin da ke wanke bawul. Gwangwanin ne ke tare tururin baƙin mai, in ya cika a zubar."

Sufeto ya kwance gwangwanin. Babu ko ɗigo. Ya zura yatsa a bututun iska, ya fito baƙi ƙirin. Wani ne ke juye dattin gwangwanin a cikin injin. Kan noti kuma duk karce ne, aikin wuƙa, ba sifana ba.

A gidan dattijon, Sufeto ya ga ginshiƙin ƙofa a farfashe.

"Baba, wa ya daki wannan?"

"Maƙwabci ne," dattijon ya amsa, yana kallon kofur maimakon mai tambayar.

Autarsa ta kawo ruwa.

"Kina taɓa motar?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ko bonet ban iya buɗewa ba, Yallaɓai."

Kofur ya fito daga kicin riƙe da mazurari mai warin baƙin mai, da wuƙa mai lanƙwasasshen baki.

Auta ta dire tiren.

"Ni ce. A gyara ta yau, gobe in ƙara."

"Auta!"

"Baba, idonka ba ya gani! Ka daki ƙofa, ka daki randa, ran nan saura ƙiris ka bi ta kan 'yan makaranta. Na ɓoye makulli, ka yanko wani. Na sace taya, ka saya. Shi ne na bi ta yadda za ka ce tsufa motar ta yi."

"Kin bari ana tuhumar makanike," in ji Sufeto. "Mu je ofis."

"Shi kam zan ba shi haƙuri. Motar, a'a."

Dattijon ya miƙe yana lalube. "Sufeto, na janye! Ku tsaya, ni zan kawo ta da kaina."

Auta ta juyo daga bakin motar 'yan sanda.

"Da wace motar, Baba? Kofur, riƙe masa hannu, akwai kwata a gabansa."