Tayar da Ba Ta Huje Ba

"Juya ka koma inda ka fito."

Yurany ce ta faɗa, tana tsaye a ƙofar shagon gyaran keken babanta da sifana a hannu, idanunta jawur. Leider ko saukowa daga kan kekensa bai yi ba.

"Yurany, tsaya ki ji..."

"In ji me? Duk Kolombiya ta gani a talabijin. Yayana na tsaye a gefen titi ya ɗaga taya sama, kai kuma ga ka can gaba, ka sunkuyar da kai kana ta tafiyarka. Ko waiwaye babu, Leider."

"Sarauniyata..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan."

Ta zare zoben baikonsu, ta zagaya ta cusa masa a aljihun bayan rigarsa, inda mahaya ke saka ayaba.

Kwana huɗu ke nan da dawowarsu daga gasar wasannin ƙasashen nahiyar. Yayanta Duván shi ne jagoran tawagar tseren keke, Leider kuwa ɗan hidimarsa ne: ya tare masa iska, ya ɗauko masa ruwa, in tayar jagora ta sace ya cire tasa ya ba shi. Saura kilomita goma sha biyu, su biyu suna cikin 'yan gaba, motar tawaga ta maƙale can ƙasan dutse, sai aka ga Duván a tsaye da taya ba iska. Leider ya wuce ya ci zinare. A babban birni an yi ta tafi. A nan Boyacá kuwa, inda kowace tsohuwa ta san dokar, ko gaisuwarsa ba a amsawa.

Don Aristóbulo, babanta, ya fito yana gyara bargon ruana a kafaɗarsa.

"Tun ranar da aka daina sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, aka koma sakin su gaba ɗaya kamar an buɗe wa shanu ƙofa, doka ɗaya ce," in ji shi. "Ba a barin jagora a hanya. Shekara arba'in da suka wuce, a wannan gasar dai, ni na ba da tayata na sauko dutse a ƙafa. Ba ni da lambar komai, amma ina shiga kasuwa kaina a sama. Kai fa?"

"Sumercé ya yi haƙuri," in ji Leider, murya can ƙasa, da kalmar da mutanen yankin ke girmama babba da ita.

"'Yata ta fi ƙarfin ɓarawon zinare. Tafi."

Ya tafi. Abin da ya fi ƙona wa Yurany rai shi ne bai kare kansa ko da kalma ɗaya ba.

Wata guda ta yi tana huce haushinta a kan kekunan mutane. Duván ya shige ɗaki, wai baƙin ciki. Sai Mayerly, wadda ke miƙa wa tawagar goran ruwa a wurin tsere, ta mai da shagon wurin hirarta.

"Ni fa a wurin nake, ƙawata. Dariya ma ya yi da ya wuce. Allah ne ya cece ki."

Ceton da ake magana, bayan sati ɗaya aka ga Mayerly tana hawa tudun gidan su Leider da arepa, wainar masara mai cuku, a ƙunshe. Yurany ta ji labari, ta ce ko a jikinta, sannan ta ɗaure wani noti har ya karye.

Wata Talata da hantsi tana share bayan shago ta ci karo da jakar tayoyin Duván, tun dawowarsu ba wanda ya taɓa ta. Ta zaro tayar nan da ta raba ta da mijin aure. Ta ce bari dai ta yi mata faci, taya mai tsada ba a barin ta ta lalace. Ta ciro tiyub, ta buga iska, ta nutsa shi cikin bahon ruwa tana juyawa a hankali tana jiran kumfa.

Shiru.

Ta sake zagayowa. Ta ƙara iska ta sake. Tun tana 'yar shekara bakwai take wannan aikin, hujin da ya fi bakin allura ƙanƙanta ma ba ya ɓoye mata. Ta mayar da tiyub ɗin, ta cika tayar, ta jingine ta. Har rana ta take tsaka tayar nan tana nan tauri kamar dutse.

Suna cin abincin rana ta shigo ta dire ta a tsakiyar tebur, miyar dankali ta fantsama.

"'Yata, kin haukace ne?" in ji babanta.

"Papá, taɓa ka ji. Tayar Duván ce ta ranar gasa. Ba faci, ba huji." Ta juya ga yayanta. "Taya ba ta sace kanta. Wa ya buɗe bawul?"

Cokalin Duván ya tsaya a hanya.

"Ƙanwata, mu yi maganar nan daga baya..."

"Yanzu. A gaban Papá."

Tsohon ya danna tayar da babban yatsa, ya daɗe yana dannawa. Sannan ya ɗago ya kalli ɗansa.

"Ƙafafuna ne suka ƙare," in ji Duván, hawaye na zubo masa. "A kwanar ƙarshe ta hawan dutsen na ce wa Leider ya tafi, ya ƙi. Sai da na zage shi ya tafi. Kafin babur mai kyamara ya dawo na sace iskar. Papá, ta yaya zan dawo gidan nan in ce maka na gaji?"

"Sai ka bari aka mai da shi maci amana?"

"Na roƙe shi kar ya faɗa... Mayerly ma ta gani, ta ce ita ba ruwanta."

"Tir," in ji Yurany. "Wata guda ina kawo maka abinci har ɗaki ina lallashinka."

Don Aristóbulo ya ture kwanonsa. "Gajiya ba abin kunya ba ce, ni ma na sha gajiya. Ranar Lahadi in an fito coci, a kan matakala za ka tsaya ka faɗa wa garin nan da bakinka. Ni kuma zan je in cire hulata a gaban yaron da na kira ɓarawo."

Yurany ba ta jira Lahadi ba. Ta haye kekenta ta nufi tudu, ba ta zauna a kan sirdi ba har ta isa.

Ta sami Leider a gonar dankali da fartanya, ya rame. Mayerly na zaune a kan katanga tana zuba masa ruwan panela mai zafi, wato na mazarƙwaila.

"A'a, ƙawata, me ya kawo..."

"Dariya ya yi, ko? Ɗauki kwanonki ki sauka tun ina ganinki da ido biyu."

Mayerly ta sauka, har ta manta da murfin.

Leider ya ajiye fartanya. "Ya faɗa ke nan."

"Tayar ce ta faɗa. Kai fa, bakinka ciwo yake?" Ta dake shi a ƙirji, ta ƙara. "Na kore ka a gaban mutane. Na ce na tsane ka. Kana tsaye kana kallona kamar gunki!"

"Da na yi magana, ya gama hawa keke har abada. Tun muna yara nake tare masa iska, Yurany. Aikina ke nan."

"Ni fa? Wa ya tare mini?"

Namijin da ya hau dutsen nan ya bar mahaya ɗari a bayansa, sai ga shi yana kuka a tsakiyar kunyar dankali.

"Na cuce ki, masoyiyata... na ɗauka ke za ki iya jurewa, shi ba zai iya ba."

"To ka ɗauka ba daidai ba."

Ta juya masa baya. Tana son sa, kuma tana jin kamar ta shaƙe shi, duka biyun gaskiya ne. Ya matso ya tsaya kusa da ita, bai yi ƙarfin halin taɓa ta ba. Sai ita ta kamo hannunsa mai ƙasa ta riƙe gam.

"Ranar auren da aka sa tana nan, ban je na soke ba," in ji ta, tana share fuska da ɗaya hannun. "Amma ka ji ni da kyau. A titi ka yi wa wanda ka ga dama hidima. A gidana ba jagora, ba ɗan hidima. Ka sake ɓoye mini abu don ka rufa wa wani asiri, wallahi shi za ka aura."

"Na ji, sarauniyata."

"Ban huce ba tukuna," in ji ta, amma ba ta saki hannun ba.