Mikiyar Mutanen Got

Bayan sallar isha'i na ji wata ƙara daga ɗakin Tahiratu, ƙiiit... ƙiiit, kamar ana feɗe busasshiyar fata. Da na leƙa sai na tarar da 'yar tawa a durƙushe tana liƙe kwali da salatif. Turare, agogo, mayafai, duk abin da saurayinta Abdulwahab ya taɓa ba ta yana ciki.

"Tahiratu, me kike yi haka?"

"Kayan mutane zan mayar, Baba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ni Dikko, aji huɗu na yi a Tasawa. Tsofaffin littattafai nake sayarwa a bakin titi a unguwar Harlem, nan Amurka. A cikinsu na tsinci wani mai bayanin harshen mutanen Got, wasu Turawan da can, waɗanda suka shuɗe har da harshensu. Mikiya suna ce mata ara. Kalmar namiji ce a wurinsu, ba mace ba kamar tamu. An ce tushenta ɗaya da kalmar tsuntsu ta Girkawa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, sau ɗaya tak ta tsira a rubuce, ita ma a jam'i: arans. Tilon, malamai ne suka ƙiyasta shi.

Ranar Asabar da ta wuce kawunnan Abdulwahab suka tsallako ruwa daga unguwar Tompkinsville da goro da alawa, neman aure. Ni kuwa da hantsi na shiga laburare in ga layin da kalmar take da idona, na kashe waya, na manta da zuwansu. Daga azahar har magariba suna zaune a falona. Suka tashi da goronsu ba a kwance ba.

Da na tura dattijo ya ba da haƙuri, da an wuce wurin. Sai na tafi da kaina. Babban kawun ya tambayi ciwon da ya tsare ni, yana ba ni ƙofar fita. Ni kuma na ce lafiyata ƙalau, na zaro littafina na buɗe masa shafin. Har ga Allah na ɗauka zai yi mamaki. Ya ce tunda tsuntsun matattu ya fi su daraja, su ba za su sake taka gidana ba.

"Abdulwahab bai ce komai ba?" na tambayi Tahiratu, tana ta liƙe kwalinta.

Ta ce ya kira yana kuka. Ya ce ta zo liman ya zame mata waliyyi, a ɗaura ba da ni ba.

"Ki je, 'yata. Na yafe..."

"In je?" Sai yanzu ta dube ni. "In shiga gidan da za a riƙa ce mini 'yar mai tsuntsu? Kuma tun rasuwar Inna, wa ke tuna maka maganinka? Wa ke kashe murhu in ka manta? Ina son sa, Baba, kamar raina. Na ce masa ya haƙura."

Na ce zan ƙona littafin. Ta ce in bar abuna, shi kaɗai ne ban taɓa mantawa da shi ba.

Da safe tana dama mini kunu aka ƙwanƙwasa. Maƙwabciyarmu ce Sumaya, 'yar zangon Kumasi, ta dawo daga tafiya, ƙyallen atamfa biyu a hannunta, bakinta har kunne.

"Amarya, shuɗin ko mai ruwan goro? Wanne za mu yi anko da shi?"