Tabarma a Gindin Katanga

A wani gari, can da, an yi wani tsoho mai kwaɗayi. Kullum sai ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin katangar da maƙwabciyarsa ke ɗora ƙuli-ƙulinta ya huce. Ya miƙa hannu, ya jefa baki, ya ce, "Astagfirullah, daga yau na daina." Gobe ma haka, jibi ma haka.

Rannan ya kai wa matarsa kuka: "Ni kam Shaiɗan ya sa ni gaba."

Ta ce, "Malam, shi yake shimfiɗa maka tabarmar?"

Washegari tsoho ya nemi gafarar maƙwabciya, ya ja tabarmarsa can gindin dalbejiya. Da ƙamshi ya taso, ya miƙa hannu kamar kullum, sai ya damƙo iska.