Igiyar da Sendi Ta Ɗaura

"Ini Chendai! Amaryata! Fito, ga angonki ya dawo daga daji!"

Faifan shinkafar da ke hannun Sendi ya suɓuce.

Duk tsawon barandar dogon gidan, ƙofa bayan ƙofa, babu wanda ya motsa. Tsofaffi suka saki saƙar tabarma. Wata mata ta toshe bakin ɗanta da tafin hannu.

Sai waƙa ta biyo baya, daga hanyar bayan gida mai gangarowa daga tsauni, da muryar da ko cikin barci Sendi ba za ta kasa ganewa ba:

"Kunkuru ya hau tudu, ƙafarsa duk laka,
wa zai ba shi ruwa?"

Mujah ne, saurayinta, mai yi wa Turawa jagora a daji. Haka yake yi duk sanda ya fito da baƙinsa daga daji. Tun daga nesa zai fara wannan shirmen waƙar, kakar Sendi kuma ta leƙo ta taga ta mayar masa da amsa. Yau babu mai amsawa. Ini Chendai, wato Kaka Chendai, ta rasu yana can cikin daji, gidan kuma yana makoki. Ba kiɗa, ba waƙa, ba ado, ba a kiran sunan mamaciya, baƙo kuma ba ya taka tsanin gida har sai an yanke makoki.

Ga shi ya tako tsanin yana washe baki, Turawa huɗu masu jakar goyo a bayansa, ƙafafunsu duk cizon matsattsaku. Ɗaya ta soke jan fure a gashi. Ɗaya kuma ya rataya 'yar rediyo a wuya, tana ta zuba kiɗa.

Sendi ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta fizge rediyon daga wuyan Baturen, ta cilla ta cikin kogi.

"Sendi! Lafiya?"

"Fita!"

"Me na..."

"Na ce ka fita! Kai da tarkacenka!"

A lokacin ya dube ta sosai. Babu 'yan kunne, babu awarwaro, baƙar riga ce a jikinta. Idonsa ya wuce ta zuwa ƙofar ɗakinsu, inda akwatin kayan tsohuwar yake ajiye, an ɗaure shi tamau. Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"Ina Ini?"

"Yanzu kake tambaya? Bayan ka shelanta sunanta har birai sun ji?"

Mahaifinta, Nyandang, shugaban gidan, ya taso daga tabarmarsa a hankali. Bai ko kalli Mujah ba. 'Yarsa ya duba.

"To, ga shi nan kin gani. Wannan ne kika ce in saurari maganarsa bayan makoki? Na faɗa miki, ɗan da ya tashi a birnin Kapit yana yawo da Turawa, sunansa ne kawai namu. Ya shigo gidan uwata da kiɗa! Muddin ina numfashi ba zai zauna a tabarmata ba."

"Apai, ka ji ni..." in ji Mujah.

"Ni ba ubanka ba ne."

Jimbun, ɗan maƙwabtansu mai jirgin inji, wanda Nyandang ya daɗe yana yi wa Sendi sha'awarsa, ya matso yana girgiza kai, wai shi mai tausayi. "A yi masa haƙuri, rashin sani ne. Bari in sauke baƙin zuwa gari, kada dare ya yi musu." Ya kwashi Turawan, suna ta ba da haƙuri da yarensu, mai furen har da hawaye.

Mujah bai bi su ba. Yana tsaye a gindin tsani Sendi ta sauko ta same shi.

"Na ɗaura igiyar da ke sanar da baƙo ana makoki a hanyar baya," ta ce. "Da hannuna! Kowa ya ce ta bakin kogi ta isa, ni na ce a'a, Mujah ta tsauni zai biyo. Na hau har gindin babban icen nan na gitta ta da ganye, yadda ko makaho zai ci karo da ita. Ka tsallake ta don kada baƙinka su rasa wurin kwana!"

"Babu igiya a hanyar nan, Sendi."

"Ƙarya kake!"

"Na rantse da..."

"Kada ka rantse! To a ce babu. Ba ka ji shiru ba? Gidan da kullum yara ke ihu, ana daka, ana buga gangunan tagulla? Kai da ke jin motsin maciji a cikin ganye, shirun gida guda ne ba ka ji ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗokin ganinki ne ya toshe mini kunne, sanyin idona..."

"Kada ka ƙara kirana haka."

Ta haye sama ta bar shi. Sai da ta shige ɗaki ta kifa fuska a kan akwatin Ini sannan kukan ya zo. Abin da ya fi cin ranta shi ne, da tsohuwar tana raye, ita ce za ta fara shigar masa.

Washegari Mujah ya kawo kaza da sabuwar adda, abin da al'ada ta ɗora wa wanda ya keta makoki. Nyandang ya ce kada wanda ya taɓa. Kazar ta wuni ɗaure a gindin tsani tana haki, sai da Sendi ta faki ido ta tura mata ruwa da ƙafa, tana tsaki.

Bai koma Kapit ba. Ya tare a wata bukkar gona da ke tsallaken kogi. Masu kamun kifi suka riƙa kawo labari: ya cire agogo, ya daina sa jar rigarsa, kuma mutumin da ko wanka yake yi sai ya yi fito, yanzu ko tari ba a ji daga bukkar.

"Makoki yake yi," in ji mahaifiyar Sendi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya yi ta yi, Indai! Wa ya aike shi?"

Amma kullum da safe sai ta sami dalilin zuwa bakin ruwa. In ta hango hayaƙi daga bukkar, sai ta ƙara jin haushi. In ba ta hango ba, haushin ya ninku.

Jimbun kuwa ya samu fili. Yau kifi, gobe 'ya'yan itace, jibi ya zauna kusa da Nyandang yana yaba yadda ake riƙe al'ada a gidan nan. Ko kallonsa Sendi ba ta yi, shi kuwa ko a jikinsa.

Ana saura kwanaki kaɗan a yanke makoki, mata na zaune a baranda suna gyaran ganyen miya, sai mahaifiyar Jimbun ta dawo daga gona ta sauke kwandon goyonta a tsakiyarsu.

Idon Sendi ya tsaya a kan maɗaurin kwandon.

An yi masa sabon gyara da rotan, igiyar dajin da ake saƙa da ita. Ba kowane rotan ba. Ja ne, an tsaga shi siriri kamar zare, da baƙin layi a gefe guda. Mutum ɗaya ce a duk kogin nan take rina shi haka, Ini, kuma ragowar ƙarshe da ta bari Sendi ta ɗauka ta hau tsauni da shi.

"Indai Jimbun," ta ce, muryarta ta yi sanyi ƙalau, "ina kika samo wannan?"

"Wannan? A ƙarƙashin katakon jirgin Jimbun na tsince shi, an dunƙule shi kamar shara. Yaran yanzu! Ana barin rotan irin wannan ya ruɓe a ruwa? Ai ko ni ban iya tsaga shi haka ba, sai dai marigayiya..."

Sai hannunta ya tafi bakinta.

Sendi ta suri kwandon, rogon ciki na zubewa, ta nufi inda maza ke zaune. Ta dire shi a gaban Jimbun.

"Kwance wannan ka faɗa wa Apai inda ka samo shi."

"Rotan ai rotan ne, Sendi..."

"Rotan ɗin Ini ne! Wanda na gitta a hanyar baya! Ka iya yanke shi, amma ka ji tsoron yar da kayan mamaciya a daji kada ta biyo ka, ko? Sai ka ɓoye a jirgi. Matsoraci! Munafuki! Ka mai da mutuwar kakata tarko!"

Jimbun ya soma kame-kame. Uwarsa ce ta ƙarasa masa, ta zo ta ɗauke shi da mari a gaban kowa tana kuka.

Nyandang ya jima yana juya maɗaurin a hannunsa. Ya san aikin uwarsa.

"Duk da haka," ya ce a ƙarshe, "wancan ya kira sunanta."

"Ya kira!" Sendi ta juyo kansa. Ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba sai ranar. "Ya kira ta ne don yana sonta, Apai! Shi wa ya faɗa masa? Wanda ya sani ya yi da gangan yana nan kan tabarmarka yana cin shinkafarka. Wanda bai sani ba yana tsallaken kogi sauro na cinsa, yana yi wa uwarka makokin da ba wanda ya sa shi. Kazarsa ma ka ƙi karɓa!"

Nyandang ya tashi ya shige ɗaki.

Da yamma aka ga kazar da ta daɗe ɗaure a gindin tsani ba ta nan, Nyandang ya karɓe ta.

Sendi ta tuƙa kwalekwale ta tsallaka ita kaɗai. Ta same shi zaune a bakin bukka, ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"An ga igiyar," ta ce daga tsaye. "Jimbun ne."

Ya ɗago kawai.

"Ba za ka ce komai ba? Na kira ka maƙaryaci a gaban duniya!"

"Kin yi gaskiya a ɗaya. Ya kamata in ji shirun."

"Kai ka fiye ban haushi! Ka yi fushi mana! Ka zage ni!"

"Ban samu na yi mata sallama ba, Sendi. Fushin me ya rage mini?"

Ta juya da sauri don kada ya ga idonta. Sai da ta shiga kwalekwalen ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ka aske wannan gemun. Ka zama kamar biri."

Ranar yanke makoki gidan ya cika. An shimfiɗa sababbin tabarmi, an fito da akwatin Ini tsakiyar baranda. Ɗan gida ba ya yanke makokin gidansu, sai baƙo, namijin da ƙafarsa ta yi nisa a duniya. Kowa ya zaci wani dattijo daga gidan gaba za a miƙa wa wuƙar.

Nyandang ya taka har bakin tsani, ya leƙa ƙasa.

"Kai ɗan Kapit! An ce babu tsaunin da ba ka hau ba. Hawo."

Mujah ya hau da sanɗa kamar mai taka ƙwai.

"Gidana ya zalunci baƙo," in ji Nyandang, fuskarsa a murtuke. "Wanda ya shigo da hayaniya, shi zai buɗe mana baki. Karɓi. Maganar da ka zo da ita kuma, ka turo manyanka."

Mujah ya yanke ɗaurin akwatin. Sannan ya bi masu makoki ɗaya bayan ɗaya yana yanke ɗan gashi daga kan kowa, kamar yadda ake yi. Da ya iso kan Sendi ya tsaya.

"In ka yanke da yawa, kogin nan zan tura ka," ta ce ta cikin haƙora.

"Har yanzu fushi kike, masoyiyata?"

"Sosai ma."

Ya yanki ɗan siriri. Aka buga tagulla a karon farko tun rasuwar, yara suka ɓarke da ihu, mata suka shiga mayar da 'yan kunnensu.

Sendi ta kama gefen rigarsa.

"Rera."

"Me?"

"Shirmen waƙarka. Yanzu an halatta. Rera mata."

Ya dubi tagar da tsohuwar ke leƙowa. Muryarsa ta fito a dishe, ta mutumin da ya daɗe bai buɗe baki ba:

"Kunkuru ya hau tudu, ƙafarsa duk laka,
wa zai ba shi ruwa?"

Tagar ta tsaya wayam. Masu tagulla suka dakata. Nyandang ya kau da kai yana murza ido.

Sai Sendi ta ja numfashi, hawaye na bin kumatunta, ta ɗaga murya yadda Ini take yi, har da 'yar tsiwar:

"Ya wanke ƙafa tukuna, ƙazami,
ruwansa na nan a ajiye."