Muryar Magagi Daga Kabari

Kwana arba'in da binne tsoho Magagi, sai muryarsa ta dawo Filinge.

Da hantsi ɗiyarsa Rakiya ta shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, ta tsaya gaban Insifekta Kailu.

"Ranka ya daɗe, an sace mini gona."

"Gona ake ɗauka a kai?"

"Da murya aka sace ta. Yayana Hafizu ya zo daga Yamai da wayar salula, wai Baba ya bar wasiyya a ciki. Gobe alƙali zai sa hannu, ni da marayuna huɗu mu rasa inda za mu shuka hatsi."

Insifekta ya tarar da Hafizu ƙarƙashin gawon da ke bakin gonar. Rana ta take, iska ta kwanta, duwatsun kwarin Dallol suna rawa cikin zafi kamar abin da ake gani a barci. Hafizu ya taɓa wayar. Muryar tsohon ta fito, da tarinta, da jan numfashinta:

"Ni Magagi, na bai wa ɗana Hafizu gonar gawo duka."

Manoman da ke wurin suka yi salati. Wani ya cire hula.

"Yaushe ya faɗi wanga?" in ji Insifekta.

"Ana jibi zai cika. Mu biyu kaɗai."

"To, wa za mu rantsar gaban alƙali? Kai, ko wayar, ko mamacin?"



A asibiti, malamar jinya ta buɗe littafinta. Mako guda kafin rasuwarsa, tsohon ko ruwa sai da hannu yake roƙo. Baki ya riga ya mutu.

Daga nan Insifekta ya tafi wurin matar marigayin, Inna Nasiba. Ya same ta a rumfa, wayar Hafizu manne da kunnenta, ido rufe, tana murmushi.

"Inna, muryar mijinki ce?"

"Tasa ce, ɗana."

"Hafizu ɗanku na nawa ne?"

Ta ce, "Na fari."

"A nan ƙasar Kurfai, yaushe uba ya fara kiran sunan ɗan fari?"

Hawaye suka zubo mata. "Bai taɓa ba. Ko gaban liman, 'wancan yaron' yake cewa. Tun ranar farko na gane. Amma in na faɗa, za ku tafi da muryar, in sake zama ni kaɗai."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na'ura ta koyi tarin mutum, ba ta koyi kunyarsa ba.

Da la'asar Insifekta ya ajiye wayar gaban Hafizu.

"Mi ka ba na'urar ta ci?"

Hafizu ya sunkuyar da kai. "Tsoffin saƙonnin murya da yake aiko mini. Na zuba su cikin basirar na'ura mai kwaikwayon murya, na rubuta abin da za ta faɗa."

"Ka san ubanka. Don mi ka sa sunanka?"

"Shekara arba'in da biyu, ranka ya daɗe, ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Na so in ji sau ɗaya."

"Ka ji. Ka kuwa saye shi da abincin marayu."

Aka sa masa ankwa. Rakiya tana tsaye bakin ƙofa. Da za a fita da shi, ya waiwayo ya dubi wayar a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, a ƙara kunna mini."

Insifekta Kailu ya zura ta cikin ambulan, ya liƙe, ya buga hatimi.