Sunanta Ba Ya Cikin Fom

Amarya na durƙushe a falo tana jera safa da sabulu a cikin kwali aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gabanta ya yanke ya faɗi. A barikin nan maƙwabta ba sa ƙwanƙwasa ƙofa, daga nesa suke kwaɗa sallama, don kowace matar soja ta san masu ƙwanƙwasawa: mutum biyu cikin kaki mai guga, hula a hannu.

Ta tashi ta buɗe. Yaya ne, wan mijinta, wanda ya raine shi tun rasuwar iyayensu.

"Yaya, ka kusa kashe ni. Shigo mana."

Ya zauna a bakin kujera, ko ruwan da ta kawo bai kalla ba. Wata biyar kacal ta yi da mijin nata, Kofur, aka tura su bakin daga, yau wata goma sha ɗaya ke nan, har yanzu Amarya ake kiran ta. Da can duk Juma'a yana hawa kan tudu ya nemo netwok ya kira ta, ya ce, "Kwamanda, ƙaramin soja na gaisuwa." Wata uku ke nan wayar ba ta yi ƙara ba.

"Ki haɗa kayanki ki koma gida," in ji Yaya. "Na yi magana da Umma."

"Wani abu ya same shi?"

"Ban ce ba."

"To ya kira ka?"

"Amarya, ke yarinya ce, shekararki ashirin da biyu. Zaman me kike yi cikin ɗaki biyu, ke da bango? Saƙon da aka ba ni ke nan."

"Wa ya ba ka?"

Ya miƙe, ya kalli kwalin, ya kau da kai da sauri. "Ki daina wahalar da kanki da wannan."

Ko awa ɗaya ba a yi ba Umma, mahaifiyarta, ta kira. "Tun farko sai da na ce miki mai kaki ba naki ba ne ke kaɗai, kika ce kin ji kin gani. Yanzu danginsa da kansu sun ce ki tafi. Sai sun watso miki kaya waje?"

"Umma, shi bai ce ba."

"Shirun wata uku ba magana ba ce?"

Ta kife waya, ta yi kuka har ta gode Allah. Da ta gama, ta wanke fuska ta ɗaure kwalin.

Washegari ta je ofishin kula da iyalan sojoji. Akawu ya karɓi lambar Kofur, ya zaro fayil, ya duba, ya rufe.

"Sori, madam. Ba zan iya gaya miki komai ba."

"Matarsa ce fa ni."

"Na sani, na sha ganinku tare. Amma fom ɗin magaji tun ranar da ya shiga aiki ya cika shi, shekara bakwai ke nan, sunan wansa ya sa. Duk abin da ya taso, shi muke kira."

"To ka ƙara sunana."

"Sai mai fom ya canza da hannunsa."

Sai ta tuna. Satin da zai tafi ta ga takardar canza fom ɗin a aljihun wandonsa za ta yi wanki, ya karɓa yana dariya, ya ce in ya dawo zai cika, layin ofis ya fi na asibiti tsawo. Ita ma dariyar ta yi.

"Yana raye?" ta tambaya a hankali.

Akawu ya ƙura wa biro ido. "Mai bi, shigo."

Ranar Litinin ɗin farkon wata motar kaya ke tafiya bakin daga, mata su yi layi da kwalayensu. Direba ya karɓi nata, ya duba lambar a takardarsa. Bai jefa shi baya tare da sauran ba, sai ya zagaya ya ajiye shi a gaba, kusa da kujerarsa. Wata biyun da suka wuce ma haka ya yi, ta ɗauka kara ce yake mata.

"Baba direba, me ya sa nawa yake zama gaba?"

"Ni tuƙi aka ɗauke ni, 'yata."

Matar Sajan, wadda ta shekara ashirin a bariki, ta ja ta bayan tankin ruwa.

"Yarinya, buɗe kunnenki. Kwalin wanda ya rasu dawo da shi ake yi, da jan layi a kan lambar. An taɓa dawo miki da naki?"

"A'a."

"To yana numfashi. Na gaban mota kuwa ba sa kaiwa daga. A hanya ake sauke su, a babban asibitin soja."

Amarya ta dube ta. "Anti, kin sani tun wancan watan?"

"Na gani. Na ɗauka kin sani kina ɓoyewa, mu ma haka muke yi."

Ta koma wurin direba ta ce ya ba ta kwalinta. Ya miƙo mata ba musu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Hawa na biyu. Ƙarfe huɗu ake barin baƙi."

Awa shida ta yi a motar haya, kwalin a cinyarta. A hawa na biyu nas ta karanta lambar, ta nuna mata gadon ƙarshe, jikin taga.

Kofur ya rame har sai da ta duba sau biyu. Bargon ya tashi a gefen hagu, a gefen dama kuwa daga gwiwa ya kwanta shafal a kan katifa. Kwalayenta biyu na ƙarƙashin gado, ko igiyarsu ba a kwance ba. Yaya na zaune kan kujerar roba, ya miƙe zumbur.

"Wa ya kawo ki nan?"

"Safa na kawo, Yaya."

Kofur ya juya fuska bango. "Ki tafi."

"Ka juyo ka faɗa min."

"Amarya," in ji Yaya, "ni na ba shi shawara, ban ɓoye ba. Shekara ɗaya na yi a kwance, uwar 'ya'yana ta yi wata huɗu tana jinya, ran nan na farka ba ta. Gara ki tafi yanzu da mutuncinki, da ki tafi bayan ya saba da hannunki."

"Ita ce ta tafi, Yaya, ba ni ba. Ka tambaye ni? Wata uku duk wanda ya taɓa ƙofa sai na ga gawarsa a idona. Sau nawa na binne shi, ku kuna nan kun sani?"



A kan durowa akwai farar takarda da biro. Ta ɗauka ta juya ta, babu ko ɗigo.

"Ta saki ce?"

"Kullum sai na ɗauki biron," Kofur ya ce, har yanzu yana kallon bango. "Hannun ya ƙi."

"Hannun ya fi ka hankali."

"Ba ki gane ba. Ba zan sake hawa tudu ba. Ko banɗaki sai an riƙe ni. Ina firgita cikin barci, na taɓa shaƙe nas."

"Na ji. Ba zan ce maka da sauƙi ba, wataƙila wata rana in yi kuka, in yi maka tsawa. Amma a gabanka zan yi, ba a gidan Umma ba."

Ta durƙusa ta jawo kwalayen, ta kwance igiya. Safa rabin dozin a kowanne. Ya juyo a hankali, hawaye na bin gefen kunnensa.

"Sun yi min yawa yanzu, Kwamanda."

"Sai su daɗe."

Ta yaye bargon, ba ta kau da ido daga bandejin ba, ta sa masa safa ɗaya a ƙafar hagu, ta ja ta har sama. Sannan ta buɗe jakarta ta zaro sabon fom da ta biya ta karɓo wurin akawu kafin ta taso, ta ɗora masa a ƙirji, ta danƙa masa biron nan.

"Wannan hannun zai yarda?"

Ya rubuta sunanta, harafi bayan harafi. Yaya ya goge ido da hularsa, ya karɓi biron ya sa hannu a layin shaida ba tare da an roƙe shi ba.

Wata biyar ta yi tana kwana a kujerar roba kafin a sallame su. Ƙafa ba ta dawo ba, firgitar ma ba ta tafi gaba ɗaya ba. Amma ranar da suka koma bariki, Umma ce ta riga su zuwa ta share ɗakin.

Mai tafiya, kada ka ce sai ka dawo: macen da ka bari tana tsaron gidanka, ka sa sunanta inda za a neme ta. Dangi kuma su daina auna zuciyar wata da laifin wata. Wadda ta iya haƙurin jira, a ba ta gaskiya, za ta iya ɗauka.