Koriyar Riga a Jikin Ɗan Shuɗi

"Ni? Ni zan saka wannan?!"

Efren ya ɗaga rigar da yatsu biyu kamar wanda ya tsinto mushen ɓera. Koriya ce shar, da tambarin jami'ar su Liway a ƙirji.

"Na wuni ɗaya ne fa, masoyina..." Liway ta marairaice. "Yau kaɗai!"

"Kakana shuɗi, babana shuɗi, ni ma a jami'ar shuɗin na yi karatu. Ko labule kore ba a ratayawa a gidanmu, Liway."

"Ashe ni ma ba za a shigar da ni gidan ba kenan?"

Ya jujjuya rigar a hannunsa. Ita kuma ta kasa tsayuwa wuri ɗaya, ta je bakin titi ta dawo, motocin haya na jifni na wucewa tana kasa tsayarwa.

Wanda bai san mahaifinta ba zai ce ta cika tsoro. Tatay Rodolfo, wato Baba Rodolfo a yarensu, shi ne mai babbar ganga na 'yan kore a zamanin karatunsa, kuma tun rasuwar mahaifiyar Liway babu abin da ke fito da shi daga gida sai wasa. Maza na ƙwallon kwando yana can, mata na ƙwallon raga yana can, ita kuma tana gefensa tana fin sa ihu. Sau nawa yana faɗa a kan abinci, "Kowa kika kawo na karɓa, amma ban da ɗan shuɗi." Mutane dariya suke yi. Liway ba ta yi, don ta san har yau ba ya ga-maciji da ƙaninsa da ya kai ɗansa waccan jami'ar.

Ita kuwa zuciya ba ta tashi kwasowa ba sai ɗan shuɗi, wanda suka haɗu a layin tikiti suna musu a kan alƙalin wasa. Ga shi yau wasan ƙarshe na ƙwallon raga, kore da shuɗi, Tatay ya ce ta zo da yaron ya gan shi.

"Idan ya ƙi ka, ban san yadda zan yi ba," ta ce. "Ba zan iya barinsa ba, Efren. Kai ma ba zan iya ba..."

Ya sauke numfashi, ya zura koriyar a kan shuɗiyar rigarsa.

"Na saka. Amma in ya tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

"Ba zai tambaya ba. Kai dai in mun yi ihu ka yi."

Filin ya cika maƙil, rabi kore rabi shuɗi, ganguna na dukan ƙirjin mutum. Efren ya rusuna zai kama hannun Tatay ya ɗora a goshinsa, kamar yadda ake gaida manya a al'adarsu, sai tsohon ya cusa hannun a aljihu.

"Bayan wasa," ya ce a taƙaice. "Zauna nan kusa da ni."

Liway ta zauna a ɗaya gefen Tatay. Yau dai an raba ta da kallon ƙwallo, idonta na kan Efren. Kore suka ci maki, ya tafa kamar mai korar sauro. Shuɗi suka doko ƙwallo ta saman raga suka ci, sai ta ga gwiwarsa ta yi tsalle da kanta. Ta miƙa hannu ta bayan Tatay ta mintsine shi.

"Riƙe ƙafarka!" ta raɗa.

"Ina ƙoƙari!"

"Me kuke cewa?" in ji Tatay, ko juyowa bai yi ba.

"Babu komai, 'Tay... zafi yake ji."

Aka ci aka rama har zagaye na biyar. Liway ta gama cinye farcenta. A rayuwarta ba ta taɓa rasa abin da za ta roƙa a filin wasa ba sai yau. Can wata doguwar yarinya ta kore ta tashi sama ta maka ƙwallon a kan layi, alƙali ya busa, rabin filin ya kece da ihu. Tatay ya rungume ta yana jijjiga ta, ita kuma tana cewa a ranta shi kenan, sun tsira.

Ta manta da waƙa.

Babu mai fita kafin a rera taken makarantu, kuma waɗanda aka cinye su ke farawa. 'Yan matan shuɗi suka jeru gaban mutanensu suna kuka, suka ɗaga dunƙulen hannu. Ɓangaren kore ya zauna tsit yana jiran nasa.

Waƙar ta fara a hankali. Liway ta ga leɓen Efren na motsi.

"Efren... don Allah..."

Ya dube ta, idanunsa jajur.

"Yafe min, rabin raina. Yaran nan sun yi iya yinsu."

Ya miƙe. Shi kaɗai, tsakiyar dubban 'yan kore, da koriyar riga a jikinsa, ya ɗaga hannu yana rera taken shuɗi, hawaye na bin kumatunsa.

"Kai, ɗan leƙen asiri!" wani ya yi ihu daga baya. "Ka ɓata hanya ne?"

Tatay ya juya ya yi wa mutumin kallo ɗaya, mutumin ya kama bakinsa. Sannan ya mayar da idonsa kan fili. Da aka zo taken kore Liway ta ɗaga hannu, amma kuka ya hana ta rerawa.

A waje, kusa da mai suyar dunƙulen niƙaƙƙen kifi, ta sha gaban mahaifinta.

"'Tay, laifina ne! Ni na tilasta masa rigar. Ina sonsa, 'Tay, ina sonsa sosai..."

"Ke, matsa." Ya dubi Efren. "Kai kuma, ka ɗauka ni makaho ne? Tun makin farko ƙafarka ke rawa tana girgiza min kujera."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Waƙar nake jira. Na ce in yaron nan ya zauna ya bar mutanensa suna kuka don ya burge ni, to wata rana zai bar 'yata tana kuka don ya burge wani. Da ka zauna, da ba ka taka gidana ba har abada."

Liway ta toshe baki da hannu.

"Cire min rigar nan," in ji Tatay. "Ba ta yi maka kyau ba."

Efren ya tuɓe ta da sauri, shuɗiyar ta bayyana a ƙasa. Tatay ya yamutsa fuska kamar ya sha tsamiya, ya daɗe yana kallon rigar. Sannan ya zaro hannunsa daga aljihu ya miƙa.

Efren ya kama da hannu biyu ya ɗora a goshinsa.

"Ran Lahadi ka zo cin abinci, ɗana," Tatay ya ce. "Ke kuma ki kira kawunki. Ki ce ya zo da ɗan nasa, ko da wace riga."